Hannun Jinadasa Bai Yi Santsi Ba

Ranawira, kai ka kori Jinadasa daga filin kurket na garinmu, wasan nan na jifan ƙwallo da bugunta da sanda, kuma ba tsufa ne dalili ba. Kana shugaban ƙungiya, ka rataya masa furanni a wuya, ka sa an dafa shinkafa da madarar kwakwa, ka ce ritaya ce. Ƙarya kake. Ina wurin ranar da ya saɓa maka, gefen tamfol ɗaya muka riƙe ni da shi.

Jinadasa shi ne mai kula da fili. Mu matan da ke cire ciyawa, duk sammakonmu sai mun tarar ya riga mu, ya tattare zaninsa zuwa gwiwa, yana jan ƙarfen daɓe a kan faƙon tsakiya inda ake jifa da bugu. Ya yayyafa ruwa, ya daɓe, ya durƙusa ya shafa ƙasar da tafin hannu kamar mai duba zazzaɓin jariri. Shayinsa ba madara, sai guntun mazarƙwaila. Tun ina goyon 'yata ta fari yake wannan aiki, yau 'ya'yanta sun yi aure. Shekarar da ambaliya ta cinye filin, da kwanon wanka ya kwashe lakar, duk gari an gani. Amma ba a taɓa kiran sunansa a lasifika ba.

Ranar wasan ƙarshe na cin kofi, yaranmu ne da yaran masunta na bakin teku. Gajeren wasa, zagayen jifa ashirin-ashirin. Masunta suka fara bugu, suka tara maki tuli. Namu suka shiga, tun ba a je ko'ina ba aka fitar da gwanayenmu uku. Sai sama ta tsuge.

Dokar gasar ba ɓoyayya ba ce. In ruwa ya hana masu bugu na biyu kai wa zagaye biyar, wasa ya mutu, kofi na wanda ya fi maki a wasannin baya, wato mu. In kuwa an dawo, alƙalai su rage zagayen, su rage makin da za a kamo, a ƙarasa.

Muka ja tamfol a guje muka rufe faƙon. Da ruwa ya ɗauke, sai ya bar tafki a kai. Wanda ya taɓa aikin nan ya san a wajen ɗagawa gizo ke saƙa. Ka karkata waje, ruwan ya bi ciyawa. Ka ɗan sassauta hannu, ya kwarara kan faƙo ya mai da shi kunu, kuma ba mai iya cewa da gangan ne.

Sai ga ka, Ranawira, da lemarka, kana tsallake kududdufi.

"Baba Jinadasa, tamfol ɗin nan da nauyi, ga shi ka manyanta. In hannu ya yi santsi, wa zai ga laifinka?"

"Ranka ya daɗe, hannun nan duk kanta ce, ba ya santsi."

"Garinku ne fa, Baba."

"Filin ma na garinmu ne."

Kusuma da ke riƙe da ɗaya gefen, bakinta ba linzami, ta ce, "Ranka ya daɗe, matsa, kada takalminka ya sha ruwa shi ma a ba shi kofi!"

Muka ɗaga, ko ɗigo bai taɓa faƙon ba. Jinadasa ya fito da buhunan algarara da dusar katako da zaren ɓawon kwakwa, muka hau tsane fili. Masunta suka tuɓe riguna suka taya mu. 'Yan kallo na garinmu suna ihu, "Tsoho, kifi nawa suka ba ka?" Na miƙe zan rama, Jinadasa ya ce, "Lilawati, bar su, matse buhunki."

Aka dawo wasa, aka cinye mu. Ɗan ƙanwata ne na ƙarshe da aka fitar, ya yi kuka, ni ma na yi. Ban yi boko ba, ban san kan lissafin alƙalai ba, amma na ga sun duba zagayen da suka rage da mutanen da suka rage, kowa ya riƙe sandarsa ya gwada ƙarfinsa. Wannan faɗuwa ce mai tsabta. Kofin da girgije ya ci wa mutum, da wane ido zai kai shi gida?

Sati bai zagayo ba aka shirya bikin ritaya. Aka ba Jinadasa agogon bango, aka ce ya bar ɗakin bayan rumfar 'yan kallo kafin cikar wata. Ɗakin nan shi ne gidansa tun rasuwar matarsa. Agogon bango ga wanda aka ƙwace wa bango!

Jinadasa, kai ne ka riƙe mana mutunci ranar da masu takalmi suka so zubar da shi. Kai ne aka zaga a filin da ka raina da hannunka, ba ka ɗaga kai ba. Mun gode, ɗan halak. Matasan da za su gaje ka su koyi riƙon tamfol a wurinka, su koyi cewa a'a.

Ku kuma 'yan kwamiti, ku ware ranar ƙarasa wasa in ruwa ya tsai da shi, kuma umarnin tamfol ya koma bakin alƙali, ba bakin mai gida ba. Ku mayar wa tsohon nan makullin ɗakinsa kafin wata ya cika. Ranawira, ranar taro zan zauna a gaba, ni da Kusuma. In za ka kore mu, ka kore mu, amma sai ka tashi tsaye ka maimaita wa gari abin da ka raɗa wa Jinadasa a ƙarƙashin lema.