Ghazali, Taguwa da Motoci Uku

Ghazali Ɗan'iya ya yi shekara goma sha ɗaya yana jan tirela tsakanin Gusau da Legas kafin ya sauka a Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid da ke Riyad a 2011. Bai taɓa kiwon ko kaza ba. Amma da aka miƙo masa iƙama, katin zaman ƙasa, sai ya ga an rubuta ra'i a gurbin sana'a, wato makiyayi. Ejan da ya yi masa biza a Kano ya ce ai rubutu ne kawai, da ya isa za a gyara. Aka shekara shida ana gyarawa.

Kafilinsa, wato ubangidan da ya ɗauko shi aiki, Abu Fahad, dattijo ne mai raƙuma wajen tamanin a wani garke kudu da Riyad. Aikin Ghazali shi ne ya kwaso harawa da sha'ir da ruwa a wata tsohuwar a-kori-kura ya kai garke. Tuƙi ne, babu mai musu. Sai dai duk inda ɗan sanda ya tsayar da shi, zai dubi katin, ya dubi sitiyari, ya ce, "Ra'i? To ina tumakin?" Sai an kira Abu Fahad a waya kafin a sake shi. Kalmar nan ta fi zafin Riyad ci masa rai. Sau biyu matarsa Hajar ta nemi hoton katin don wani cike-ciken makarantar yara, sau biyun yana turawa da babban yatsansa a kan wurin.

A ƙarshen 2017 Abu Fahad ya ƙudurta kai taguwarsa Mazyuna gasar kyawun raƙuma da ake yi a hamada. Mazyuna na da dogon wuya da leɓe mai zubowa har ya kusa rufe haɓa, abin da masana suka ce shi ne kyau, mu kuwa sai mu ce to. Ya saya mata tirela mai tsawon ɗaki biyu, da katifa a bango, da na'urar sanyi, da tankin ruwa. Aka ɗaura wa tsohuwar a-kori-kura, ta yi tari sau uku ta mutu a inda take.

"Ya Ghazali," in ji Abu Fahad, "kai ka san manyan motoci. Zaɓo mini wadda za ta ja wannan. In Mazyuna ta isa lafiya, zan canja maka sana'a a iƙama. Direba, da hatimi."

Ranar Ghazali bai iya cin abinci ba don murna.

Motoci uku ya tsayar, duk 'yan Amurka, duk masu shan dizal, duk masu taya huɗu a baya. Ya raɗa musu suna da launinsu. Fara ta fi kowa ƙarfin tashi da kaya, ko gini aka ɗaura mata sai ta motsa shi. Ja injinta irin na tirela ne, silinda shida a jere, wanda kowane bakanike zai buɗe ya gane. Baƙa kuwa giyarta ce abin magana, tana shiga ba a ji, kuma a gangara injin da kansa yake riƙe kaya ba sai an ƙona birki ba. Wata uku yana yawo tsakanin wuraren sayar da motoci da garejin unguwar Al-Sulay. Ya shiga ƙarƙashinsu da tocila, ya auna ƙugiyar ɗaurin tirela da igiya, ya kalli bidiyon Turawa suna jan kaya a kan dutse har idonsa ya yi ja, alhali ba rabin abin da suke faɗa yake ji ba.

Matsalar ita ce Ghazali ba ya iya sanin abu shi kaɗai. Amininsa Moussa, bakanike mutumin Damagaram mai gareji a Sulay, shi ya fara shan wahalar. Da fari yana amsawa. Daga baya in ya hango Ghazali sai ya shige ƙarƙashin mota ya yi shiru, ko da motar ba abin da ke damunta. A gidan abincin 'yan Najeriya da ake haɗuwa bayan Juma'a, mutane suka koyi cin tuwo da zafinsa su tashi. Akwai ranar sunan da aka ce ya yi wa jaririya addu'a, Allah ne kaɗai ya san yadda aka yi aka kai ga nauyin da gatarin bayan mota ke ɗauka.

Da mutane suka ƙare, sai ya koma kan Mazyuna. Kullum bayan la'asar in ya sauke harawa, sai ya jingina da shingenta ya fara: "Kin ga ita Fara, ƙarfi gare ta, amma ke ba siminti ba ce." Ita kuma tana tuƙa, leɓe a zube, ido rabi a rufe kamar alƙalin da ya riga ya yanke hukunci. A duk Riyad ita kaɗai ce ba ta taɓa ce masa tana da uzuri ba.

A ƙarshe ya zaɓi Baƙa. Hujjarsa ita ce mai rai za a ja, mai dogon wuya, kuma fizga ɗaya ta isa ta buga kai da bango. Abu Fahad ya saya. Ghazali ya shafa sitiyarin a wurin sayarwa, amma ɗan Abu Fahad ne ya tuƙo ta gida, don a cewarsa kada ɗan sanda ya ga makiyayi a sabuwar mota.

Ranar tafiya Ghazali ya zo da hantsi cikin sabuwar jallabiya da baƙin tabarau. Moussa ma ya zo haɗa wayar birkin tirela. Ghazali ya ja Mazyuna ta hau salin-alin. Ya fito ya rufe ƙofa, ya karɓi makulli, ya sa ƙafa ɗaya a matakalar Baƙa. Nan take tirelar ta ɗauki ruri da girgiza. Mazyuna na harbin katifa, kumfa na fita a bakinta. Basudanen da ke kiwonta ya shiga ya yi mata waƙa, ta kusa cizonsa. Fuskar Abu Fahad ta canja, domin ƙwarzane ɗaya a leɓen nan ya isa a maido su gida.

Ghazali ya shiga ya ga ɓarnar da ta yi, yana gunguni: "In kika ci gaba da komawa baya haka, nauyi zai tashi daga kan ƙugiya." Sai ta tsaya. Ta sauke kai a kafaɗarsa ta ci gaba da tuƙa. Ya fita, ta fara. Ya dawo, ta daina. Sau uku aka gwada, kowa na kallo.

"Me kake gaya mata?" in ji Abu Fahad.

"Ɗal umrak, ranka ya daɗe, zancen giyar mota ne kawai."

"To ci gaba da shi. Wa ya iya tuƙi a nan?"

Moussa ya dubi ƙasa. Bai dai ƙi ba. Ghazali ya miƙa masa makullin ba tare da ya dube shi ba.

Haka aka yi tafiyar awa uku, Ghazali na zaune a cikin tirela kan buhun sha'ir, jallabiya ta sha yawun taguwa, yana jero mata Fara da Ja da Baƙa daga farko. In ya yi shiru sai ta ɗaga ƙafa. A wani dogon hawa ya ji Baƙa ta sauya giya. Ya dubi bokitin ruwan da ke gefe, ko ɗigo bai zuba ba. A gangara ya ji injin ya riƙe su a hankali, kamar yadda uwa ke sauke goyo. Zaɓinsa ya yi daidai. Ya gaya wa Mazyuna, tunda ita ce a kusa.

Ta zo ta uku a rukuninta. Abu Fahad ya sumbaci hancinta, ya sumbaci goshin Ghazali. Ghazali ya bari hayaniya ta lafa, sannan ya ciro iƙamar ya miƙa da hannu biyu.

Dattijon ya yi dariya har ya riƙe ciki. "Direba? Ya Ghazali, Sulay cike take da direbobi. Wanda Mazyuna ke jin maganarsa mutum ɗaya ne a duniya. Wallah, wanda ya rubuta katin nan ya san ka tun kafin ni in san ka."

Ya ƙara masa albashi, ya sa aka kafa masa ɗaki mai sanyi a garke kusa da shingenta. Moussa ya rufe gareji ya zama direban Baƙa, ya kuma zo da goro ya ba da haƙuri. Da aka sabunta iƙama, kalmar na nan inda take.

Har yanzu in 'yan gida za su sayi motar jan kaya, wurin Ghazali ake turo su, su zauna su sha bayani. Kwanaki wani baƙo ya gaji ya katse shi.

"Malam Ghazali, wai ita Baƙar nan da kake ta yabo, ka taɓa tuƙa ta kuwa?"

Ghazali ya dubi shingen Mazyuna.

"Ban taɓa ba," ya ce. "Amma tambayi duk wanda ka ga dama, ba wanda ya fi ni sanin yadda take ja. Ni take ja."