Raƙuman Da Suka Sha Man Gyaɗa

Shekarun baya, sa'ad da nake rubuta allunan shaguna a bakin kasuwar Illela, abokina na Ƙonni, can ƙetaren iyaka, ya zo mini da wani tsohon zane naɗe cikin bargo. Wani Bature ne ya zana shi tun zamanin mulkin mallaka, ya bar wa kakan abokin nawa. Raƙuma biyar ne a bakin rijiya, da fataken gishiri a tsugune.

Na ce ina son in kwaikwaye shi don in koyi hannu. Ya ce, "Lahadi uku na ba ka, malam. Ta huɗu in zo in ɗauki abina, ko ka gama ko ba ka gama ba."

Ni mutum ne mai son tsari. Na farko, na ɗaure farin yadi mai kauri a katako. Na biyu, na ja layuka gida-gida da fensir, na fitar da kowane raƙumi a gidansa. Na uku, na haɗa launi. Fentin da abokina ya sayo mini ya yi kauri, na tuna ya ce fentin mai ne. To, mai dai mai ne. Na shiga ɗakin mahaifiyata na zubo man gyaɗa a murfin kwalba.

Buroshi ya riƙa tafiya sumul. Kwana shida na gama, na jingine shi a zaure ina jiran ya bushe. Lahadi ta farko ta wuce, na taɓa, ɗanye. Kafin ta biyu kiyashi sun yi layi daga bakin ƙofa har wuyan raƙumin gaba.

Mahaifiyata ta leƙo, ta shinshina. "Kai, wanga zane ne ko ƙuli-ƙuli? Ashe nan maina ya tafi, ni ina ta zargin kwalba da yoyo!"

Da abokina ya shigo kasuwa ya gani, dariya ta sa ya zauna a ƙasa. "Mi ka zuba mishi?" Na faɗa masa, ban yi murmushi ba. Ya ce man masu zane daban ne, shi yana bushewa, man gyaɗa kuwa ko shekara ya yi yana nan. Na roƙe shi ƙarin mako guda. Ya ce baffansa, mai ajiyar zanen, bai san ya tsallako iyaka ba, don haka babu ƙari.

Washegari ya aiko da man na gaskiya. Na koma daga mataki na farko. Wannan karon na shafa siriri, na bar kowane shafi ya sha iska kafin in ɗora wani. A nan na lura cewa duhu Baturen ya fara sawa, sannan haske a kai.

Ranar Lahadi ta huɗu muka jera su biyu. Abokina ya daɗe yana dubawa, ya miƙa hannu zai naɗe nawa. Sai da mahaifiyata ta ce, "Ɗan nan, ajiye, wancan ne na kakanka." Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Tun daga lokacin na ƙara mataki guda kafin na farko: tambaya. Zanen nawa yana rataye a zaurena har yau. Mahaifiyata kuwa ta daɗe tana ɓoye kwalbarta duk sa'ad da ta gan ni da buroshi.