Kawu Mai Auna Gyatsar Shanu

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya yi shekara goma sha tara yana aikin gwamnati, kuma a duk tsawon shekarun nan matarsa ba ta taɓa faɗa wa maƙwabta ainihin aikinsa ba. In an tambaye ta sai ta gyara ɗankwali ta ce, "Yana ɓangaren bincike." In aka matsa mata ta ce, "Binciken yanayi." In aka ƙara matsawa sai ta tuna ta bar tukunya a wuta. Gaskiyar magana kuwa, gyatsar shanu Kawu yake aunawa.

Ba da shanu ya fara ba. A bayan tashar mota aka haife shi, a gidan haya mai ɗaki biyu, kuma har ya yi gemu bai taɓa kusantar saniya ba sai a faranti. Ya fara da koyon aski, maigidan ya sallame shi domin duk sanda ya datsa almakashi sau ɗaya sai ya tsaya ya tambayi mai kan, "In ci gaba?" Ya yi kwandasta wata huɗu, direba ya sauke shi saboda mota ba ta tashi sai ya gama gaida kowane fasinja, har da tambayar mutanen gida. Kakata ce ta ja masa. Mace ce mai tsananin son ladabi, ludayinta kullum yana kusa da hannunta, kuma duk ɗan da ya yi gyatsa a gaban abinci a tsakiyar kai yake jin sa. Kawu ya fi kowa shan ludayin nan, ya tashi da ladabin da ya fi ƙarfin kowace sana'a.

Yana da shekara talatin da tara ya ji ana neman ma'aikata a wata cibiyar bincike ta gwamnati a bayan gari. Ya ɗauka gadi ne. Ya goge takalmi ya tafi. Mutum uku ne a bayan tebur, na tsakiyarsu ya tambaye shi, "Kana tsoron shanu?"

Kawu ya nemi amsar da ba za ta ɓata wa kowa rai ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ina girmama su."

Suka dubi juna, suka rubuta wani abu. Ran Litinin aka ba shi takalmin roba mai kaiwa gwiwa, da shuɗiyar rigar aiki, aka tura shi cikin shanu talatin masu lamba a kunne.

Shugabar aikin wata 'yar siririyar mace ce mai tabarau, kowa Dakta yake ce mata. Ita ta zaunar da shi a kan buhun dusa ta yi masa bayani. Ta ce saniya in tana tuƙa akwai wata iska da take fitarwa, ana ce mata metan, tana haurawa sama ta riƙe zafin rana kamar bargo, duniya ta yi ta ɗumi. Gwamnati tana son a gano abincin da zai rage iskar. Kafin a san ko ta ragu kuwa dole a auna.

Kawu ya sunkuyar da kai ya ce, "Dakta, ki gafarce ni. Ta wace ƙofa take fitowa?"

"Yawancinta ta baki ne, Baba."

"To alhamdu lillahi," in ji Kawu, ya sauke numfashi.

Na'urar aunawar wani koren akwatin ƙarfe ne mai taya, da faifan hasken rana a kansa. Saniya ta tura kai ciki, ƙararrawa ta buga, abinci ya zubo, wani siririn bututu ya yi ta shaƙar numfashinta yana aika wa kwamfutar Dakta can cikin ofis. Aikin Kawu shi ne ya cika akwatin, ya goge yawun da shanu suka bari, ya jera su bi da bi. Ba ya kora su da sanda. Sai ya tsaya a gefe ya ce, "Bismillah, Lamba Tara, in kin shirya." Abokan aiki suka yi ta dariya har mako biyu, daga nan suka lura shanun sun fi bin maganarsa a kan ihunsu, suka daina.

A shekararsa ta shida wata saniya ta haihu ta ƙi 'yarta. Aka maƙala wa maraƙar lamba goma sha huɗu, aka miƙa wa Kawu ita da kwalbar madara. Ran farko ta shanye kwalbar tas, ta ɗago ta sakar masa gyatsa a fuska. Kawu bai san sanda ya ɗan ƙwanƙwasa mata goshi da yatsa ba.

"Ke! Ba a gaban abinci ba."

Washegari ta sake, ya janye kwalbar ya juya kanta hagu, bai mayar ba sai da ta gama. Haka kullum, safe da yamma. Kafin ta yi wata biyu, da ta ji abin yana tasowa sai ta saki kwalba, ta ja baya taku uku, ta kau da kai hagu, ta yi abinta, ta dawo. Kawu ya sa mata suna Mai Kunya. A gida yana ba da labarinta fiye da na 'ya'yansa, har babbar 'yarsa ta taɓa ce masa, "Baba, in ka ga dama ka kawo ta, ni in koma garken."

Lokacin da Mai Kunya ta isa shiga gwaji ya zo daidai da isowar wani sabon abinci da aka gauraya da busasshiyar ciyawar teku. Aka fara ba shanu. Metan ɗin sauran shanun ya ɗan ragu. Na Lamba Goma Sha Huɗu kuwa kwamfuta ta nuna kusan babu komai. Dakta ta ce na'ura ce ta lalace. Aka canza bututu, aka kira mai gyara ya kwance akwatin ya ɗaure, aka sake gwadawa mako uku. Babu komai.

Dakta ta ce a dakata tukuna, akwai abin da bai zauna mata ba. Amma labari ya riga ya kai kunnen Darakta, shugaban cibiyar, mutumin da ya shekara huɗu yana neman abin da zai nuna wa ma'aikatar da ke sama da shi. Ya sauko garke da kansa, yana tafiya a kan yatsu kada takalminsa ya taka abin da shanu suka ajiye.

"Kai ne mai kula da ita? Me ka gani game da saniyar nan?"

Kawu ya cire hula, fuskarsa cike da fara'a. "Ranka ya daɗe, tarbiyya ce."

Darakta ya ƙyalƙyale da dariya, ya dafa kafaɗarsa ya ce da mutanen bayansa, "Kun ji tsoho da barkwanci." Kawu kuwa ya koma gida da daɗi a ransa, yana ganin ashe gwamnati ma ta san darajar ladabi.

'Yan jarida suka zo. Hoton Mai Kunya ya fito a jarida, an wanke ta an goge mata ƙaho, kuma a gefen hoton ana ganin gwiwar hannun wani mutum cikin shuɗiyar riga. Matar Kawu ta yanke hoton ta manna a bangon falo, duk baƙon da ya shigo ta nuna masa gwiwar hannun.

Sai aka sa ranar zuwan Babban Sakatare daga ma'aikata. Aka yi wa garke fenti, aka kafa rumfa da kujerun roba, aka ɗauko lasifika. Dakta, wadda kullum a gaban kwamfuta take ganin sakamako, ran nan aka tsayar da ita a garke kusa da akwatin. Babban Sakatare ya ce yana son ya yi jawabinsa daf da saniyar, don hoto ya yi kyau. Aka tsayar da shi a gefen akwatin, ta hagu.

Kawu ya matsa kusa da wani jami'i ya ce a hankali, "Da dai an mayar da shi dama."

Jami'in ya ce, "Hasken ya fi kyau a nan. Koma baya."

Kawu ya koma baya. Ya ce, "Bismillah, Mai Kunya." Ta tura kai, ƙararrawa ta buga, ta fara ci. Babban Sakatare ya gyara murya ya ce yau rana ce ta tarihi, yau ga saniyar da ba ta gurɓata iska ko kaɗan. Yana cikin haka Mai Kunya ta zaro kai, ta ja baya taku uku, ta kau da kai hagu, bakinta ya yi daidai da makirufo.

Waɗanda suke wurin sun ce har masu sayar da lemo a bakin titi sun ji. Ta daɗe tana yi, lasifika tana ƙara mata ƙarfi, takardar jawabi tana kaɗawa a hannun mai ita. Da ta gama ta koma ta ci gaba da cin abincinta. Kawu ne kaɗai ya yi magana, ya ce, "Madalla, 'yar albarka."

Dakta ta zauna a kan buhu. Ta cire tabarau. Kafaɗunta suka fara rawa, mutane suka ɗauka kuka take yi, ashe dariya ce ta ƙi tsayawa. Da ta samu numfashi ta ce, "Baba, tun yaushe take haka?"

"Tun tana wata biyu, Dakta. Ai na faɗa wa Darakta."

Kwana biyu bayan nan Kawu ya samu takardar tuhuma, ana neman ya yi bayanin dalilin da ya sa ya koya wa dabbar gwamnati ɗabi'a ba tare da izini ba. Ni na rubuta masa amsa, yana faɗa ina rubutawa. Ya ce in sa cewa ya amsa laifinsa, amma yana roƙon a sani cewa ita saniyar ba ta da laifi, kuma in za a rage wa wani matsayi a rage masa. Dakta ta ɗauki amsar ta shiga ofishin Darakta ta rufe ƙofa. Ba wanda ya san abin da ta faɗa, amma maganar tuhuma ba ta sake tashi ba.

Dakta ta sa kyamara a garke, sai ga shi wasu shanu huɗu ma sun kwaikwayi Mai Kunya. Aikin wata bakwai ya tashi a banza. Ta kira Kawu ta ce, "Baba, kai ka ɗaura, kai za ka kwance."

Wannan shi ne lokaci mafi wuya a rayuwar Kawu. Kowace safiya sai ya sha lemon kwalba biyu masu gas, ya tara shanun nan biyar, ya durƙusa ya tura kansa cikin akwatin, ya nemi gafarar mahaifiyarsa a kabari, ya yi gyatsa iya ƙarfinsa don su gani su koya. Kwamfuta ma ta buɗe masa layinsa a jerin shanun. Huɗun suka koma halinsu na da cikin mako biyu, wataƙila don tausayi. Mai Kunya kuwa ta tsaya tana kallonsa, ta kau da kai, kwana uku ba ta karɓi komai daga hannunsa ba.

A ƙarshe sai da aka gina ɗan ɗaki mai rufaffiyar ƙofa, a sa saniya gaba ɗayanta a ciki, duk inda ta juya bututu na jiran ta. Nan aka gano gyatsar Mai Kunya ta ma ɗan fi ta sauran. Sabon abincin kuwa yana ragewa, ba kamar yadda jarida ta faɗa ba, amma yana ragewa. Dakta ta rubuta rahotonta, kuma a shafin ƙarshe ta gode wa "mai kula da garke, wanda ya nuna mana inda na'urarmu ba ta gani." Kawu ya sa na karanta masa layin da Hausa sau uku, sa'annan ya tambaya ko zagi ne.

Ya yi ritaya shekara biyu da suka wuce. Ya nemi a sayar masa da Mai Kunya, aka ce kayan gwamnati ne, sai an kafa kwamiti, kuma kwamitin har yau bai zauna ba. Ita ma an cire ta daga gwaji, tana wani fili a bayan cibiyar tare da tsofaffin shanu. Duk ranar Asabar Kawu yakan ɗaure jakar ɓawon kankana a bayan keke ya tafi. Akwai sabon maigadi a ƙofa mai tsananin bin doka, sai kowa ya cika littafin baƙi. Na raka shi sau ɗaya, na leƙa littafin. A wurin da aka ce a rubuta dalilin ziyara, mutane sun sa taro, sun sa kawo kaya, sun sa ganin Darakta. A layin Kawu, mako bayan mako, da rubutunsa mai karkata, an sa: zumunci.