Sunan da Ban Taɓa Kira Ba

Ɗana na fari ya kai shekara biyu da rabi bai ce komai ba. Ko "ruwa" bai iya faɗi ba. In yana son abu sai ya kama zanen mutum ya ja shi zuwa wurin, in an ƙi bin sa ya faɗi ƙasa yana birgima. Ni da na haife shi ina ganin wannan duka ta wutsiyar ido, don a wajenmu uwa ba ta tsura wa ɗan fari ido.

Haka na taso na tarar, da shi kuma aka kawo ni gidan miji a Dakoro. Ɗan fari na kaka ne. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, in ya yi kuka cikin mutane sai ta kau da kai har a miƙo mata shi a ce ta ba shi nono. Ni kuwa na ƙware a wannan. Yaron sunan marigayi surukina ya ci, kunyar ta zama biyu. "Wancan" nake ce masa, ko "yaron Inna", wato uwar mijina, wadda ta ɗauke shi tun ana gama wankan jego. Matan unguwa har misali suke yi da ni, suna cewa ƴan matan yanzu su zo su koyi kunya. Ina jin daɗin yabon, ba zan ɓoye ba. Ko mu biyu ne a ɗaki ba na sakin jiki da shi, gani nake kamar wani na leƙe.

Da farko ba shiru gare shi ba. Yana shekara ɗaya ya fara gwaranci, in Inna ta kira awaki da marece shi ma ya ɗaga murya yana kwaikwayonta, gida ya ɗauki dariya. Sai ciwon sanƙarau ya kama shi da bazara. Ya yi kwanaki a gidan likita, Inna ce ta yi jinya. Ni sai in kai abinci, in tsaya bakin ƙofa in tambayi mai jiki kamar maƙwabciya, in koma gida in yi kukana a madafa. Allah ya tashi kafaɗunsa, amma gwarancin bai dawo ba.

Inna ta ce gado ne, ubansa ma ya yi nauyin baki. Da aka shekara ba labari, ta ce harshen ne a ɗaure, ta kira wanzami ya yanka masa ƙarƙashin harshe. Ina daka gero lokacin. Na ji ihunsa, na ga jini a haɓarsa, ban ajiye taɓarya ba. Har yau in na tuna ranar haushin kaina nake ji fiye da na wanzamin.

Kuma na ga alama. Wata rana kwanon silba ya suɓuce mini a bayansa, kaji suka watse, shi ko motsi bai yi ba. Na gaya wa mijina, wanda rabin rayuwarsa a kasuwar dabbobi take, ya ce in faɗa wa Inna. Ya san sarai ba zan iya ba. Da wane baki zan je in ce na lura da ɗan fari?

Abin ya fito ne da na je awon cikina na biyu. Inna ta tafi Korahane gaisuwar rasuwa, dole na tafi da shi. Sazfam ɗin, wata dattijuwa mai auna masu ciki, ta miƙa masa karne, ɗan littafin awona, ya yi wasa, ta yi masa magana bai kula ta ba. Ta tambaye ni shekarunsa na faɗa mata. Sai ta ce, "In kin kira sunanshi yana waigowa?"

Na ce ban taɓa kira ba.

"Ba ɗanki ne ba?"

"Na hwari ne," na ce.

Ita ma ƴar ƙasar ce, ta san abin da nake nufi. Ta juya shi ya ba ni baya, ta ce, "Kira shi yanzu, ba kowa nan."

Sunan ya yi mini nauyi a baki. Na faɗe shi can ƙasa. Ta ce in ɗaga murya, na ɗaga. A na uku har matan da ke layi a waje suka leƙo. Shi kuwa yana zaune yana juya karne, ina kallon ƙeyarsa.

Ta tura mu Maradi, likita ya gwada shi da na'ura, ya ce kunnuwan duka biyu sun tafi tun ciwon nan, da an kawo shi da wuri da an fara koya masa wata hanyar magana. Tambaya ɗaya na yi, ko kafin ciwon yana ji. Ya ce lafiya lau yake ji.

Da wannan na dawo a mota. Wata goma sha huɗu yaron nan yana da kunne. Ya ji kukan awaki, ya ji kiran salla, ya ji waƙar Inna da rediyon ubansa. Daga bakina abin da ya samu shi ne "wancan". Matan da suka yabe ni sun zo jaje, suka ce ƙaddara ce, suka sha fura suka tafi. Ciwon ƙaddara ne, na yarda. Shirun da na yi masa kuwa ni na yi shi, da gangan, don a ce ina da kunya.

Yanzu shekararsa shida. Da hannu muke hira, ni da shi, a tsakar gida da kan hanyar kasuwa, in ya yi abin dariya in rungume shi a gaban kowa. An daina misali da ni, an ce na fitsare. Sunansa kuwa ina kira safe da rana, har Inna takan ɓata rai ta ce sunan mijinta ne fa. Kowa a gidan yana ji ban da wanda nake kira.