Buba da Raɓar Fadamar Kurudu

Bana shekara ashirin da shida ke nan da rasuwar taubashina Buba, Allah ya jiƙansa, kuma har yau ban rufe bincike a kansa ba.

Zamanin da Kurudu ke ƙauye, kafin a yi zancen kawo babban birnin ƙasa, ni ne ɗan bokon gidanmu, aji uku cur na yi. Tumaki biyar na gada daga innata, da su zan yi aure. Buba kuwa makiyayi ne da ba ya yarda da komai, har ciyawa. Da damina ba ya sakin shanu sai raɓa ta bushe. Da kaka ba ya kusantar fadama, wai inda katantanwa ta yi yawa akwai ciwon hanta.

Ya ce, "Malam Boko, kada ka kai tumakin nan fadama."

Na sa ilimi na gano makircin: so yake in bar masa ciyawar. Sai na riƙa sammako da su zuwa fadamar. Kafin rani haɓarsu ta kumbura. Na kira shi ya zo ya ga ƙiba.

Bai yi dariya ba, abin da ya tsorata ni ke nan. Ya sa yatsa ya ja fatar idon ɗaya. Fari fat.

"Wannan ruwa ne, taubashi. An shanye musu jini."

Huɗu muka yanka kafin su yi mushe, hanta duk ramuka. Ta biyar ya tafi da ita ruga, wai jiƙon maɗaci da kanwa zai ba ta. Ta dawo garau, 'ya'yanta ne suka yi mini aure.

To ga inda zargina yake. Buba ya sha faɗa a kasuwa cewa maganin malamin dabbobi ba zai shiga bakin dabbarsa ba. Amma ranar da na je ɗauko tunkiyar, na ga kwalba soke a jinka. Ya ce ta man shanu ce. Ni dai ban taɓa jin man shanu mai warin asibiti ba.

Yau fadamar ta zama gidajen haya. Masu talla a babur suna sayar da kwalba ɗaya, wai ita ce ta kaska, ita ce ta tsutsa. Da Buba na nan, da mai maganin zai fara ja wa fatar ido.

Rago ɗaya gare ni yanzu, ɗaure a tsakar gida. Jikokina suna dariya don ba na bari a ba shi ɗanyar ciyawa sai ta sha rana. Su yi ta yi. Su ma 'yan boko ne.