Kajin da suka ci albasa

Shekarar da hatsi ya yi wuya a Madawa, Baba ya hana a ba kajinmu ko dusa. Kaji suka yi fushi, ƙwai ya ɗauke ƙaf. Inna ba ta yi gardama ba, sai ta riƙa zuba musu albasar da ta fara lalacewa a rumbu. Ba a jima ba suka koma yin ƙwai. Har yau ina tuna fuskar Baba da ya gatsa dafaffe na farko, ya ji warin albasa har cikin gwaiduwa. Ya dubi Inna.

Ta ce, "Malam, za ka ba su dusa, ko gobe in ƙara musu barkono?"