Lomar Mashkura a Bakin Tasha

Mashkura ta kai shekara arba'in da ɗaya a duniya babu namijin da ya taɓa ganin ta kai loma baki, in ka cire mijinta, shi ɗin ma sai bayan ta yi haihuwa biyu. A wata ruga kusa da Matsinkai aka haife ta, irin gidan da yarinya ke tashi ta tarar cin abinci abu ne da ake keɓewa a yi, kamar wanka. Tana 'yar shekara tara kakarta ta tsula mata tsumagiya don ta gan ta tana shan rake a hanyar kasuwa. Ba ta sake ba.

Ta auri Bunyaminu, direba ɗan Bagudo mai ɗaukar albasa yana ƙetarawa da ita ta iyakar Tsamiya. Shekara bakwai suka yi a ƙasar Benin, a can kuma maƙwabta suka koya mata sakwara da miyar gyaɗa da wagashi, wato cukun nonon nan da ake rina bayansa ja da karan dafi. A can ɗin ne kuma ta ga abin da bai taɓa barin idonta ba. Wata mai abinci a kasuwar garinsu aka ce tana zuba ruwan wankan gawa a miya don jawo masu saye. Ranar da maganar ta nuna, Mashkura na laɓe bayan wata babbar mota aka cinna wa rumfar wuta, aka jawo matar a ƙasa ɗankwalinta a hannun wani.

Bayan sun dawo gida hawan jini ya kwantar da Bunyaminu, bai tashi ba. Ya bar ta da 'ya'ya huɗu da tukwane, sai kuma hannun girki. Da ta fita takaba ta kafa rumfa a bakin tashar Bagudo, ta jera benci uku, ta kewaye murhunta da zana. Daga bayan zanar take miƙo kwano ta wata 'yar kafa, mai ci ya karɓa da kansa. Muryarta da hannunta kawai aka sani.

A shekarar gidajen abinci uku aka buɗe a layin. Akwai na Bisi, Bayarabiyar da ta shekara ashirin a garin tana sayar da robobi kafin ta koma tuƙa amala. Akwai na wani saurayi da ya zo daga Kamba da fanka da talabijin da kujerun roba. Sai na Mashkura. Hukuncinsu kuwa a gindin darbejiyar tasha ake yanke shi, inda direbobi da 'yan kabu-kabu ke zaman majalisa, alƙalin kuma Sadisu ɗan kamasho ne. Mutum ne da bai taɓa hura wuta ba tun da uwarsa ta haife shi, amma in ya buɗe baki a kan miya sai ka rantse a gindin murhu aka yanke masa cibi.

Sadisu ya ce gandar Bisi sai ka tauna ta daga nan har Bahindi ba ta san ana yi ba, yajinta kuma ko ɗan dambe sai ya share hawaye. Gidan ɗan Kamba, in ji shi, kujerun sun fi shinkafar daɗi, ka ci da ido ka fito da yunwarka. Da ya zo kan na Mashkura sai labari ya sha bamban. An gan shi ya suɗe kwano tas, ya lashe yatsu ɗaya bayan ɗaya, yana ta santi yana kiran sunan uwarsa. Kashegari benci uku suka yi kaɗan. Ranar kasuwa har da mutanen ƙauye ke cin nasu a tsaye, wasu na cewa kifin miyar ne sirrin, wasu na cewa man shanun ne, ana ta musu kamar za a doku.

Wata biyar ta yi tana kwana da godiyar Allah. Daga nan yabon ya fara sauya kama. Wani ya ce shi har mafarkin miyar yake yi, aka yi dariya. Wani ya ce tun da ya fara cin sakwarar nan tuwon gidansa ya zame masa kamar ƙasa, matarsa har ta kai ƙara wurin yayarta. Wannan karon dariyar ba ta yi tsawo ba. Sai wani dattijon direba ya tuna wa majalisa cewa matar nan fa shekara bakwai ta yi a ƙetare, kuma kowa ya san abin da ake faɗa a kan mutanen can. Daɗin ma, in ya yi yawa, ai abin a tsaya a duba ne.

Ana cikin haka damina ta yi nisa, amai da gudawa suka shigo gari kamar kowace shekara. Sufyan, wani ɗan kabu-kabu, ya faɗi aka kwashe shi zuwa asibiti. Mutum ne da ke shan ruwa duk inda ƙishi ya kama shi, amma ba wanda ya tambayi inda ya sha. Inda ya ci aka tambaya. Sadisu na sakace haƙori a gindin darbejiya ya jefo maganar, ba don mugunta ba, don dai bakinsa ba ya iya zama shiru.

"Wai ni ku tsaya. Cikinku akwai wanda yat taɓa ganin matag ga ta ci abin da taka dahwawa?"

Aka dubi juna. Babu.

Ga abin takaici: waɗannan mazan da a ce sun gan ta zaune bakin titi tana tauna, su ne za su fara kiranta marar kunya, su ce Bunyaminu bai mori mata ba. Yau kunyar ce ta zama shaida a kanta. Ita kuwa kowace tukunya sai ta ɗiga miyarta a tafin hannu ta lasa, sau uku ma, amma a bayan zana, inda ba mai gani.

Bisi ce ta kawo mata labarin. Ta zagayo ta baya da hantsi, ta tsuguna kusa da murhu, ta zayyana mata duk abin da ake cewa. Mashkura ta zauna a kan turmi. Bisi ta ce abin ai mai sauƙi ne, ta ɗauki kwano ta fita ta ci a gabansu a wuce wurin, ita ma kullum haka take yi, har tana magana da loma a baki. Mashkura ta girgiza kai kawai. Ta rasa yadda za ta yi wa Bisi bayanin cewa wannan da a ce mata ta tuɓe a tasha duk ɗaya ne a wurinta.

Kwana uku bencinta babu kowa sai ƙudaje. Mahaucin da take saye a wurinsa ya miƙo mata nama idonsa na kallon wani gefe. Babbar 'yarta Hamdiyya ta dawo daga makaranta idanu jajur, ta ƙi faɗin abin da aka ce mata. A rana ta huɗu Mashkura ta iso da safe ta tarar an ture duwatsun murhunta, an haƙa rami a wurin har zuwa gwiwa, ana neman abin da ta binne. Ta tsaya a bakin ramin. Ta so ta kwashe tukwanenta ta koma gida, amma ta san rufe rumfar nan amsa laifi ne, kuma an san hanyar gidan. Ta cike ramin da hannunta, ta mayar da duwatsun, ta hura wuta. Tsoro ne ya sa ta girka a ranar, ba ƙarfin hali ba.

Ranar kasuwa, gab da azahar, ta ji hayaniya na matsowa. Ta leƙa ta kafar zana ta ga yayyen Sufyan biyu a gaba, bayansu mutane sun cika layin, babura na ta tsayawa. Warin fetur ya buge ta. Wataƙila na baburan ne, wataƙila ba nasu ba ne. Ba ta da hanyar sani. Ta nemi addu'ar da za ta karanta ta rasa farkonta. Wani ya finciki zanar ta faɗi, rana ta haske ta tsaye da ludayi a hannu.

Sadisu ya kutso gaba yana zufa. Shi ma ya tsorata da abin da bakinsa ya haifa, ya ɗaga hannu ya ce a yi haƙuri, kada a yi aikin da za a yi nadama. A zuba mata daga kowace tukunya ta ci a gaban kowa. In ta ci, magana ta ƙare. A ganinsa ya yi mata gata, kuma jama'a suka yarda an yi adalci.

Babban yayan Sufyan ya zuba da kansa: sakwara, miyar gyaɗa, wagashi, kifi, har da shinkafa a gefe. Aka dire kwanon a ƙasa, aka turo mata kujera 'yar tsuguno. Ta zauna ta ja mayafi. Ta tuna matar nan ta ƙetare, ta tuna 'ya'yanta, ta ce wa ranta loma ce kawai. Ta gutsuro, ta dangwala, ta ɗago hannu.

Sai ta hango shi. Malam Zainulabideen, mahaifin Bunyaminu, tsaye a gefen taron ya dogara da sanda, labari ya fito da shi daga gida. Shekara ashirin da biyu ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa haɗa ido da shi ba, daga nesa take durƙusawa ta gaishe shi. Ko ruwa ba ta taɓa kurɓa ba in yana tsakar gida. Hannun ya tsaya a iska, ya sauka da kansa ya koma cikin kwano.

Can wani daga baya ya ce, ba da ƙarfi ba, "Kun dai gani. Ta kasa." Ta ji ƙafafu na matsowa, da'irar na tsukewa. Ta sake gwadawa, hannun ya ƙi.

Tsohon ya ratso mutane a hankali, sandarsa na nutsewa a taɓo. In ya tafi, za a ce ya sallama ta. In ya tsaya yana kallo, ba za ta iya ba, kuma duk taron nan shi kaɗai ya gane haka. Ya zo dab da ita, sannan ya juya mata baya, ya fuskanci jama'a, babbar rigarsa na taɓa gefen kwanon.

"Ni ta gani," ya ce. "Ku duka kun san mi ak kunyas suruki, ko ba a gidaje anka haihe ku ba?" Bai waiwaya ba ya sassauta murya. "Ci, ɗiyata. Ban ganin ki."

Ta ci. Hawaye na zuba cikin miyar, tana tura loma. Maza sun fi ɗari suna kallon bakinta yana motsi. Ta cinye har kifin, ta kifa kwanon, ta zauna tana jiran abin da zai biyo. Ba abin da ya biyo. Mutane suka fara zamewa ɗaya-ɗaya kamar ba su ne suka zo ba. Wasu kuwa, Allah ya shirye su, suka zauna a benci suka ce a zuba musu.

Sufyan ya warke, ma'aikatan asibiti sun ce ruwa ne. Ba wanda ya zo ya ba ta haƙuri. Majalisa ta koma yabon miyarta, Sadisu ma har yana cewa shi ya ceci matar. Sai dai zanar ba ta koma ba, kuma abin ya zama ƙa'ida ba tare da kowa ya furta ba: kullum in ta sauke tukunya, masu ci sukan zauna su yi shiru, ba mai miƙa hannu sai ta ɗebi lomar farko ta haɗiye a gabansu. Malam Zainulabideen ya daina bin layin da rana. Da ciwon gwiwarsa yake zagayawa ta bayan kasuwa zuwa masallaci, don kada ta ɗago ta gan shi.

Azumin Litinin da Alhamis da ta saba tun tana budurwa ta bar shi, don ba ta san abin da za a ce ba in rana ta yi ta ce ba za ta ci ba. A watan jiya zazzaɓi ya kama ta, ko ƙamshin man shanu ba ta son ji, amma ta fito ta girka. Da ta kai lomar baki amai ya taso mata har wuya. Ta dubi bencin, idanu goma sha biyu na kanta. Ta runtse ido ta mayar da shi ciki, ta share baki da gefen mayafi, sannan ta fara zuba musu.